Hoton Furen Albasar Kaka

Ranar da likitan ido ya ce wa Inna ganinta ba zai dawo ba, ni ce na yi faɗa. Na yi da likitan, na yi da mai ba da magani, na dawo na yi da direban motar haya don kawai ya tsaya ɗaukar fasinja cikin rana. Ba banza Baba ya laƙaba mini Barkono tun ina rarrafe ba. Na kamo hannun mai idon muka hau benenmu. Sai da ta zauna a baranda cikin gwangwanayenta, ta shafa ganyen wani tsiro, sannan ta ce, "To, ashe ku ma kun kusa tafiya ku bar ni."

Da furanninta take magana.

Barandar tamu tabarma ɗaya ta ishe ta, amma Inna ta cika ta maƙil da gwangwanayen fenti da na madara da wani tsohon bokiti mai yoyo, kowane da abin da ta shuka a ciki. In za ka shanya kaya sai ka yi ta ɗage ƙafa kamar mai tsallake kwata. Baba yana kiranta Sarauniyar Gwangwani. Ita kuma ta ce ai gara ita, talakawanta suna da rai, nasa kuwa duk sun mace. Agogunansa take nufi. Gyaran agogo Baba ya yi duk rayuwarsa, a wani ɗan tebur mai gilashi a bakin titi, har zamani ya zo kowa ya koma duba lokaci a waya. Sai ya kwaso teburin ya kawo gida, tare da akwati guda na agogunan da masu su ba su taɓa dawowa karɓa ba, da wani ciwon ƙirji da hayaƙin motoci ya bar masa.

Ciwon idon Inna daga tsakiya ya fara ci. In ta dube ka tana ganin kunnuwanka da kafaɗunka, fuskar ce babu. Babban abu, in ta matso dab da shi ta ɗan karkata kai, takan kama shi ta gefen ido. Ƙaramin abu kuwa sai dai a ba ta labari. Likita ya ce gefen ma zai bi, a hankali.

Wata rana na dawo daga shagon ɗinkin da nake aiki, na tarar da Baba a teburinsa ya duƙufa a kan tsohuwar wayata mai fasasshiyar fuska. Ya ɗauko ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai leƙa cikin agogo, ya ɗora shi daidai kan idon kyamarar wayar, yana ɗaure shi da robar da ya yanko daga tiyub ɗin keke.

"Baba, me kake yi wa wayata?"

"Tabarau nake saka mata. Ta tsufa, irin uwarki."

"Malam, ina jinka fa," in ji Inna daga baranda. "Idon ne ya tafi, kunnen yana nan."

Na ce masa ai akwai kyamarar da ake ɗaukar hoton ƙananan abubuwa da ita. Ya ce ya sani, har shagon ya je. Wai da mai shagon ya faɗa masa kuɗinta, sai ya tambaye shi ko da mota ake haɗa wa mutum. Ya yi dariyar abin har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi dariya ba. Na ce a raina tsufa ne, ga shi ba aikin yi, bari ya yi wasansa.

Washegari ya aro igiyar haɗa waya da talabijin a wurin maƙwabcinmu na ƙasa. Ya jawo wa Inna kujerar tsuguno har hancinta ya kusa taɓa gilashin talabijin ɗin, ya danna. Wani ɗan fure ja da bai kai girman maɓallin riga ba ya cika talabijin ɗin gaba ɗaya. Inna ta karkata kai. Ta ƙara karkatawa. Can sai ta dafe ƙirji.

"La ila! Gashi gare shi? Malam, dubi gashi a wuyansa kamar na jariri! Ni da nake ba shi ruwa kullum ban taɓa sani ba!"

Tana dariya, hawaye yana zuba. Baba yana tsaye a bayanta yana ta washe baki, sai ka ce shi ya halicci furen. Ni kuwa na shige kicin na kama buga tukwane, don in ban yi haka ba za su ji kukana.

Daga nan abin ya zama aikin kowace safiya, kuma yana da dokoki fiye da na asibiti. Sai gari ya waye sosai, amma kafin iska ta tashi, kafin manyan motoci su fara girgiza benen. Inna ce mai riƙe kwali tana tare iska, don ɗan motsin da ido ba ya gani, a cikin gilashin nan guguwa ce. Murfin tukunya mai ƙyalli kuma Baba yakan jingina shi a gefe ya jefo haske cikin furen. Wayar sai ta matso har ta kusa sumbatar furen, kuma wurin da yake fitowa tar bai fi kaurin farce ba. Babu abin murɗawa a gyara, jikinka za ka matsar. Baba yakan manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya yi gaba kaɗan, ya yi baya kaɗan, har ya sami wurin. Sai ya fitar da rabin numfashinsa, ya riƙe sauran, ya danna. Sannan ya sake shi, fuuu. A tsakanin nan ba mai magana. Ni dai an haramta mini leƙowa, wai tafiyata kaɗai tana girgiza baranda.

Haka Inna ta ga abubuwan da ba ta gani ba lokacin da take da ido biyu. Ta ga jijiyoyin ganye. Ta ga wata tururuwa ta yi dumu-dumu da garin fure, ta ce wallahi sak matar mai gidan haya in ta sha hoda. Ta ga raɓa guda ɗaya da barandarmu duka a cikinta a kife.

Amma akwai wanda take jira. A bokitin nan mai yoyo akwai wani tsiro mai dogayen ganye, gindinsa kamar albasa. Kakata, mahaifiyar Inna, ita ta ba ta shi, shi ya sa muke ce masa albasar Kaka. Duk gidan hayar da muka koma, a cinyarta Inna take ɗauko bokitin, ko kayan ɗakinta ba ta yi wa haka. Sau ɗaya yake fure a shekara, fari sol, ya buɗe da safe, kafin yamma ya langaɓe. Wata shekarar ma sai ya yi fushi ya ƙi. Bara bai yi ba.

"Shekara da shekaru ina ganinsa daga waje, kamar baƙo a ƙofar gida," in ji Inna. "Ina so in ga cikinsa sau ɗaya, Malam, kafin a kashe mini fitilar."

"Za ki gani," Baba ya ce. "In dai ya buɗe, har ɗakin kwanansa zan shigar da ke."

Tun daga ranar na ɗauki gaba da albasar nan. Kullum in zan fita sai na tsaya a kanta na ce, "Ke dai an yi 'yar rainin hankali. Ana jiranki kina yanga." Ganyen kawai take ƙarawa. Idon Inna yana raguwa, albasar ko a jikinta.

Ƙirjin Baba ma bai tsaya jira ba. Da farko in ya riƙe numfashi ya saki, ɗan tari ɗaya ne. Daga baya sai ya kama ƙarfen baranda ya yi ta yi har idonsa ya kaɗa. Hannun da yake ɗaukar ƙusar agogo da ɗan hantsaki ya fara rawa. Hotunan suka koma dishi-dishi, launi kawai, kamar an zubar da fenti a ruwa. Na yi magana a hankali, ba a ji ba, sai na yi irin tawa.

"Baba, kashe kanka za ka yi a kan ciyawa? Mutum numfashin ma da ƙyar yake samu, shi ne za ka riƙa riƙe shi kamar kana da na ajiya?"

"Ciyawa?" in ji Inna. "Allah ya shirye ki."

"Ki bar ta," Baba ya ce. "Barkono in bai yi yaji ba ai ya lalace."

Suka haɗe mini kai, suka ci gaba da abinsu. Ya haɗa mata hoton da ni mai lafiyar ido ban gane gabansa da bayansa ba, ita kuma ta matsa ta karkata kai ta ce, "Kai, madalla! Dubi kyau." Na ɗauka kara take yi masa don kada ya karaya. Na ji haushinsu, na kuma ji tausayinsu, sai na ja bakina na yi shiru, abin da ban saba ba.

Sannan wata safiya albasar Kaka ta fito da kara daga tsakiya, da toho a kansa kamar ɗan yatsa. Inna ce ta fara jinsa da hannu. Murnar da suka yi, wanda bai sani ba sai ya ce haihuwa aka yi a gidan. Ba a yi kwana nawa ba Baba ya yanke jiki ya faɗi a barandar, tsakanin gwangwanaye, wayar tana hannunsa. Ni da maƙwabcinmu muka sauko da shi daga bene.

A asibiti suka sa masa robar iska a hanci, suka ce ba inda za shi. Bai tambayi likita komai game da kansa ba. Ni ya jawo, ya danƙa mini wayar da gilashinta a ɗaure.

"Tohon ya kusa. Ke za ki ɗauka."

"Ni? Ni da aka hana leƙowa?"

"An ɗage dokar. Zauna."

A kan bargon asibiti ya koya mini. Ya ce in nemo masa zare guda ɗaya a jikin bargon, in fito da shi tar. Na yi, na yi, ba abin da nake gani sai hazo. Na yi tsaki na ce gilashin ne ya lalace.

"Gilashin lafiyarsa ƙalau. Ke ce kike numfashi kamar mai rigima da iska. Manne hannunki a jiki. Kada ki bi shi, ki bari ya zo. Yawwa. Fitar da rabi. Riƙe."

Zaren ya fito, kauri kamar igiyar shanya. Na danna.

"Saki mana, kada ki mutu a nan su ce ni ne," ya ce, yana dariya cikin robar.

Ranar da furen ya buɗe, ƙamshinsa ne ya gaya wa Inna. Ta tashe ni gari yana wayewa, kwalin yana hannunta. Ga shi nan kuwa, fari sol, ya buɗe baki kamar ƙaramin ƙaho. Na jingina murfin tukunya, na durƙusa, Inna ta tare iska.  Na ɗauka, hazo. Na sake, hazo. Da na kusa samu sai wata babbar mota ta wuce, benen ya girgiza, na aika wa direban da abin da ba zan maimaita ba. Rana tana ɗagawa, iska ta fara kaɗa kwalin.

"Inna, bari in tsinke shi in shiga da shi ɗaki, can babu iska."

"Ki taɓa shi in taɓa ki," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Na koma na durƙusa. Na manne hannu a haƙarƙari. Na daina binsa. Gaba kaɗan, baya kaɗan, sai ga shi ya zo da kansa. Na fitar da rabi, na riƙe, na danna.

Wallahi ban san haka cikinsa yake ba. Can ciki farin ya koma kore-kore, da wasu siraran layuka ja kamar an ja su da allura. Ga 'yan sanduna sun miƙe, kowace da gari rawaya a ka, har ƙwayoyin garin ana gani ɗaya-ɗaya. Na yi ihu na ce, "Inna, na samu! Taso!"

Na kamo hannunta muka shiga. Ta zauna a kujerar tsuguno, hancinta dab da gilashin. Na zagaya bayan talabijin ina neman ramin igiyar, don Baba ne ya saba haɗawa, ni ban san wanne ne ba. Ina can ina lalube ina mita, sai na ji muryarta.

"Kai, madalla! Dubi kyau. Ashe haka cikinsa yake."

Na leƙo. Ta karkata kai yadda ta saba, tana murmushi. Talabijin ɗin baƙi ƙirin yake, ko kunna shi ban yi ba. Bakin igiyar yana hannuna.

 

"Inna," na ce, "ban haɗa ba tukuna."

Murmushin ya tsaya a fuskarta, sannan ya sauka a hankali. Ta haɗa hannuwanta a cinya. "To, ki haɗa mana," ta ce.

Na haɗa. Furen ya cika ɗakin da haske, fari da kore da rawaya, har a kan fuskarta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ya yi toho. Da farko ina rarrabe haske da duhu. Yanzu wannan ma sai an dace." Ta lalubo hannuna ta riƙe gam. "Kada ki gaya masa. Kin ji ko? Ki ce na gani."

Na zube a ƙasa kusa da ita na yi kukan da ban ɓoye a kicin ba. Ta bar ni na yi. Da na lafa sai ta ce, "Ya isa. Gaya mini me ke ciki." Na fara faɗa mata, layukan ja, da koren, da garin. Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin tana bi, ina cewa sama kaɗan, hagu kaɗan, nan ne. Ta ce Kaka ma ba ta taɓa sanin akwai ja a ciki ba.

Da hantsi na tafi asibiti. Baba ya karɓi wayar da hannu biyu, ya matso da ita, ya daɗe yana kallo.

"Kin riƙe numfashi," ya ce. "Wannan ko ni sai haka." Sannan ya ɗago. "Ta gani?"

"Ta gani. Ta ce madalla, ta ce dubi kyau."

Ya dube ni ta saman robar, irin kallon da yake yi wa agogon da aka ce masa bai taɓa faɗuwa ba.

"Barkono, ke faɗa kika iya, ba ƙarya ba."

Na sunkuyar da kai.

"Na sani," ya ce. "Akwai ranar da hannuna ya goce na ɗauki babban yatsana. Ban lura ba sai da na haɗa mata. Yatsana ne guda, har da dattin farce. Ta matsa ta ce wannan furen ya fi na jiya kyau." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Na ɗaga shi, na shafa masa baya har ya lafa.

"To me ya sa ka ci gaba, Baba? Kana sane, kana ta cin ƙirjinka?"

"Na ce ko akwai ɗan saura a gefe. Ko albasar za ta riga." Ya mayar da ido kan wayar. "Kuma in na daina, ai na gaya mata ke nan. Wa zai tashe ta da safe ya ce ta riƙe masa kwali? Kada ki ce mata na sani."

Haka na koma gida ɗauke da amana biyu, ni da ko sirrin kaina ban iya riƙewa ba. Kafin in isa furen ya langaɓe.

Baba bai dawo gidan ba. Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, ina zaune ina ɓare masa lemo, ya tafi. Wayar tana ƙarƙashin matashinsa, robar tiyub ɗin ta ɗan saki.

Mutane suka zo, suka zauna, suka watse. Gidan ya yi mana yawa, duk da ƙanƙantarsa. Wata safiya na fito na tarar da Inna a baranda a wurin zamanta, kwalin yana kan cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu. Iska ba ta tashi ba, motoci ba su fara ba. Zuciyata ta yi zafi, ban san da wa ba.

"Inna, don Allah ba ni kwalin nan. Me za ki tare? Ke da ba gani kike ba, me ya sa kika bar shi yana wahalar da kansa kullum?"

Ba ta ba ni ba. Ta gyara masa zama a cinyarta.

"Ai tuni na daina fitowa don hoto," ta ce. "Ƙirjinsa nake saurare. Ya iya ɓoye mini ciwo da surutu, yini guda yana tsokanata. Amma a nan dole ya yi shiru, ni kuma ina dab da shi. In ya riƙe numfashi sai in riƙe nawa, in jira. In na ji ya saki, sai in ce to, yau ma muna tare."

Na zauna a ƙasa tsakanin gwangwanayen, na jingina kaina da gwiwarta. Ta ɗora hannu a kaina, ɗaya hannun yana riƙe da kwalin.

"Yi shiru, Barkono," ta ce. "Wannan karon ya daɗe bai saki ba."